Fataka Mai Madubi

Na fi shekara biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fi wasiƙa tsawo ba. Amma ba wannan ne ya fi tsayar da ni ba. Tsoro nake ji kada in rubuta abin da ba daidai ba a kan mutumin da ya riga mu gidan gaskiya, wanda ba zai tashi ya gyara mini ba. Ina kuma tsoron a karanta a ɗauka akwai dukiya a ɗakina, a irin wannan zamani da muke ciki. Saboda haka bari in faɗa tun yanzu: abin da zan ba da labarinsa ba nawa ba ne, kuma ba ya gidana, yana ajiye a wani wuri da ba zan ambata ba. Sai da na tambayi limamin unguwarmu ko bayyana amana a rubuce ha'inci ne. Ya ce idan don a nemo mai ita ne, babu laifi. Bayan mako guda na koma na sake tambayarsa, don kada ya zamana ban fahimce shi ba. Ya ce in je in rubuta, in daina zuwa.

Ni ɗan koli ne a Kaura Namoda. Ina sayar da allura da zare da kwalli da turare da ƙananan madubai. Kawuna kuwa, yayan mahaifiyata, maƙerin fari ne a Zurmi, wato azurfa yake ƙerawa, zobba da awarwaro da 'yan kunne, ba fartanya da gatari ba. Shekaru masu yawa ran Laraba yakan iso Kaura ya kwana gidana, ran Alhamis mu yi sammako mu shiga mota zuwa kasuwar Shinkafi. Can rumfata na jikin tasa. Duk abin da zan faɗa game da aikinsa da idona na gan shi.

Yawancin azurfar da yake aiki da ita tsofaffin kuɗi ne na zamanin Turawa, sisi da sule da fataka, wadda wasu ke ce wa dala. Matan Fulani su suka fi kawo masa. Wasu a narka a yi musu munduwa, wasu a huda ko a liƙa musu kunne don a jera a kitso. Kawu ba ya bukatar ya goga kuɗi a dutse kafin ya san azurfa ce ko jabu. Sakinsa kawai yake yi a kan uwar maƙera ya saurari kukansa. Idan zai huda, daidai saman hular sarkin da ke jiki yake sa ƙusa, don idan an rataya kada sarkin ya kwana da kai ƙasa. Na taɓa tambayarsa wa zai lura da wannan a kan mace tana tafiya. Ya ce shi zai lura.

Akwai kuma abin da ba ya tsallakewa. Ba a taɓa karɓar azurfa daga hannunsa da duhu ba. Kafin ya miƙa wa mai ita, sai ya tafasa ta cikin ruwan tsamiya ko lemun tsami da ɗan gishiri, sannan ya goge ta da toka mai laushi wadda aka tankaɗe da ƙyalle, har ta fito fes. Haka na tashi na ga mahaifiyata na yi wa awarwaronta duk jajibirin Sallah. A danginmu, ka mayar wa mutum azurfarsa ta yi duhu, kamar ka mayar da kwanon maƙwabci ne ba ka wanke ba.

Wata Alhamis da hantsi, wata Bafillatana ta sauke ƙwaryarta bakin rumfar Kawu. Dattijuwa ce, doguwa, tana kawo nono da man shanu daga wata ruga da ke wajen Galadi, kuma ta daɗe tana ba shi aiki. Sun saba tsokanar juna. Ta kwance wani ƙullin tsumma ta zube tsofaffin kuɗi, ta ce na mahaifiyarta ne da ta rasu, a huda mata su don jikarta. Daga ƙarshe ta ciro wani ɗan akwati shafaffe, bai fi tafin hannu ba, an rufe shi da baƙar fata wadda ta fara ɓarewa. Ta ce kakanta ne ya riƙa kai wa wani Baturen jirgin ƙasa madara a Kaura, da Baturen zai koma ƙasarsu ya ba shi. Cikin akwatin akwai gurabu zagayayyu, duk babu komai sai guda ɗaya. Ƙananan an daɗe da hude su, sun bi kawunan mata sun ɓace. Babbar ce kaɗai ta rage, don mahaifiyarta ta fi son akwatin da abu a ciki.

Kawu ya buɗe, sai na ga ya saki zuga-zugi. Ya goge hannunsa a riga, ya sake gogewa, bai kuma taɓa abin ba. Na leƙo. Fataka ce, irin wadda na sha gani, kan sarki mai gemu da hula a gefe ɗaya, itacen kwakwa a ɗaya gefen. Amma ban taɓa ganin irinta ba. Ni mai sayar da madubi ne, na san madubi, kuma na ga ƙwayar idona a cikin filin da ke kewaye da kan sarkin. Shi kuwa sarkin ba ya ƙyalli, ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, sai ya zama kamar yana yawo a saman ruwan randa. Da Kawu ya kama ta ta gefe ya juya, kowane ganye na kwakwar nan a tsaye yake daban.

Ta gaji da jira ta ce, "Sarkin maƙera, kallo na kawo maka ko aiki? Nonona na can yana tsami."

Ya ce, "Wagga ban huda ta."

"Ƙusar taka ta mutu?"

"Ƙusa lahiya lau take. Hannuna na ba shi iyawa."

Ta yi dariya, ta juyo wajena ta ce in ga Kaɗo yana tsoron sarkin Nasaran da ya daɗe da zama ƙasa. Kawu bai biye mata ba. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani, ina ji. Ya ce wannan ƙyalli ba na guga ba ne, don duk abin da aka goga sai ya bar zane, ko da ido bai gani ba rana za ta nuna. Wannan da shi aka haife ta. Ƙarfen da aka buga ta da shi ne aka goge har ya zama madubi, kuma ba sau ɗaya aka buga ba, ga kaifin bakinta nan ya nuna. Ya ce wani maƙeri ne a wata ƙasa ya zauna a kan wannan ƙwaya ɗaya kamar yadda shi yake zama a kan zobe, kuma tun da ta bar hannunsa ba ta taɓa shiga aljihu ta gogi 'yar'uwarta ba. Ya ce ya narka kuɗin Turawa ba adadi bai ji komai ba, amma ba zai sa ƙusa a aikin wannan mutum ba.

Ya buɗe gwangwaninsa ya ɗauko wata fataka ta yau da kullum, ya huda, ya wanke ta fes, ya haɗa mata da sauran kyauta, ya ce ta koma da mai madubin gida ta adana. Ta ƙi. Ta ce rugarsu ba ta zaunuwa yanzu, sau biyu tana binne akwatin nan a ƙasa suna gudu. Ta ce tun da shi ya ga abin da ita ba ta gani ba, ya riƙe, ya bincika, idan wani abu ce ya gaya mata. Kawu ya kira ni da wani mai sayar da sirdi da ke kusa ya ce mu shaida, wannan ajiya ce, ba saye ba ne, ba kyauta ba ce.

Kasuwa ba ta ɓoye magana. Alhamis ɗin da ta biyo baya sai ga irin mutanen nan masu yawo da maganaɗisu suna neman tsofaffin kwabbai da dutsen guga na gawayi, wai akwai wani sinadari a ciki. Ɗaya ya ce a ba shi ya gwada ta da wuta. Wani ya ce zai ba da babur. Kawu ko akwatin bai fito da shi ba. Ya ce ba tasa ba ce, ya ci gaba da zuga wutarsa. Ni da ke gefe har zufa na yi da jin maganar babur, kuma na ji kunyar kaina daga baya.

Daga nan al'amura suka ƙara lalacewa. Matar ta zo sau biyu ko uku, Kawu ya ce mata bai samu wanda ya sani ba tukuna. Sai muka daina ganinta. Masu nono suka ce an kore shanun rugar su matar, an watse, wasu sun yi arewa sun tsallaka iyaka. Hanyar Shinkafi ta zama sai an yi shahada, Kawu ya daina zuwa, ga tsufa kuma. Da abin ya matso Zurmi, sai ya zo Kaura da akwatin a aljihun 'yar-cikinsa, ya ce gidana ya fi nasa tsaro. Ya yi mini gargaɗi yana lissafawa da yatsa: kada in riƙa buɗewa, kada in sa yatsa a fuskarta, in kama ta ta gefe idan ya zama dole, kada kuma in yi magana da bakina a kanta don tururin numfashi. Na maimaita masa har sau biyu. Na naɗe akwatin cikin sabon ƙyalle na sa a ƙasan adakata. Damina biyu ta wuce ban buɗe ba, ko da yake kusan kullum sai na taɓa ƙyallen na ji yana nan.

Akwai wani malami a babbar makarantar koyon sana'a da ke Kaura, yana sayen turare wajena. Mutum ne mai son tsofaffin abubuwa. Wata rana ya ga wani kwabo mai huji a cikin kwanon canjina, hira ta yi hira, har na ba shi labarin fatakar ba tare da na ce tana hannuna ba. Ya gyara zama. Ya ce idan yadda na kwatanta haka take, to irin wadda Turawa ke kira furuf ce, wato bugu na musamman da ake yin kaɗan don nuni da kyauta ga manya, ba don a kashe a kasuwa ba. Ya ce akwai mutane a duniya da ke tara irinsu, kuma yana cikin wani zaure nasu a waya. Na kwana uku ina tunani, na aika wa Kawu, ya ce in nuna wa malamin, ai abin da mai ita ta ce a yi ke nan. Muka yi da malamin zan kai masa gida ran Asabar ya ɗauki hoto.

Ran Asabar da safe, bayan na karya, na ce bari in duba ta kafin in fita. Na buɗe akwatin. Gefen kwakwar, daga baki-baki, ya yi wani launi, ruwan zuma yana shiga shuɗi-shuɗi. Yanzu da nake tunani, ina jin ko a Shinkafi akwai shi kaɗan, hasken rana ne ya hana ni lura. Amma a ranar abin da ya zo mini shi ne danshin ɗakina ya ɓata amanar mutane. Kawu ya riƙe ta fes, ni ta zo hannuna ta yi duhu. Ga shi za a ɗauki hotonta a nuna wa mutanen wata ƙasa, su ga yadda muke riƙon abu.

Na zauna na bi gargaɗin Kawu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kada in sa yatsa, to ba zan sa yatsa ba, auduga zan sa. Ya ce kada in yi numfashi a kanta, na ɗaure bakina da rawani. Bai ce kada in wanke ba. Kuma shi da kansa, na taɓa ganin ya miƙa azurfa da duhu? Maganar zanen guga da ya yi a Shinkafi ta zo mini, sai na ce wa kaina ai wannan ga masu goga da ƙarfi ne, ni a hankali zan yi. Na karɓi lemun tsami wajen maiɗakina, na tankaɗe toka sau biyu da ƙyalle mai laushi, na yi bisimilla. Na fara da gefen kwakwar, wajen dama.

Launin ya fita nan da nan, har na ji daɗi. Da na ɗauraye na ɗaga ta wajen taga, sai na nemi idona a wurin da na goga na rasa. Wurin ya yi fari, amma ya dushe, kamar madubin da aka hura wa numfashi. Na jira ko zai washe. Bai washe ba. Faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba. Na mayar da ita akwati, na tafi gidan malamin, ina gaya wa kaina wataƙila ba wani abu ba ne.

Kafin ya buɗe akwatin sai da ya nuna mini kasuwar irin waɗannan kuɗi a wayarsa, kuma wannan ya ƙara mini nauyi, ko da yake shi bai sani ba. Ya ce gwanjo ake yi. Ni gwanjon da na sani na tsofaffin riguna ne, inda ake karyar da kaya. Wannan kuwa hawa farashi yake yi. Kamfanin da ke gwanjon zai buga hoton kowace ƙwaya gaba da baya, ya rubuta tarihinta, hannun wa da wa ta bi, sannan a sa rana. Mutum yana ƙasarsa, wani yana tasa, ba su san juna ba, kowa na ƙara tayi ta waya har ɗaya ya gaji. A kasuwarmu mai saye kushe kaya yake yi don a rage masa. Can sai an gama yabon abu sannan a fara tayi. Ya nuna mini cewa akwai masana da aikinsu kawai su duba kuɗi da gilashi su ba shi daraja, sannan a rufe shi cikin farar roba mai garai-garai yadda ba mai sake taɓa shi. Ya nuna mini wani tsoho sanye da safar hannu yana riƙe da ƙwaya ɗaya ta gefe, ya kawar da bakinsa yana magana.

Abin da Kawu ya lissafa mini da yatsa ke nan, shi da bai taɓa shiga aji ba, bai taɓa ganin waɗannan mutane ba. Ya dubi ƙarfe kawai ya gane. Su ma, duk da ban san su ba, na ji sun burge ni. Mutum ya sayi abu da tsada, ba don ya sa a wuya ba, ba don ya kashe ba, sai don ya tsare shi yadda yake ya miƙa wa na bayansa.

Sai ya nuna mini wasu guda biyu iri ɗaya a jere. Ɗaya fara tas, ɗaya ta yi launin zuma da shuɗi a gefe. Ya ce in zaɓi wadda ta fi tsada. Na nuna farar. Ya yi murmushi ya ce kowa haka yake cewa. Mai launin ce. Launin nan shekaru ne suka yi shi a hankali cikin akwati, shi ne shaidar ba a taɓa ta ba, masu tarawa rububinsa suke yi. Farar kuwa wani ne ya wanke ta, kuma an rubuta hakan a jikin robarta, abin da ya karya ta ke nan.

Ya buɗe akwatin. Ya daɗe a kan gefen sarkin yana girgiza kai don sha'awa. Da ya juya ta, ya ɗauko gilashin nan irin na masu gyaran agogo, ya duba. Ya miƙo mini gilashin. Wurin da na goga duk zane ne, sirara, sun bi juna kamar an share rairayi da tsintsiya.

Ya ce, "Wannan sabo ne, Malam. Har ƙamshin lemu ina ji."

Na ce, "Ni ne. Yau da safe."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki hotunan ya tura, har da wurin. Bayan kwana biyu ya zo rumfata ya karanta mini amsoshin. Sun ce ta gaske ce, kuma ba kasafai ake ganin irinta ba, balle da akwatinta. Wani ya ce shekara da shekaru yana neman irinta. Duk kuma sun yi maganar tabon. Ba zan rubuta adadi ba, don shi ma malamin ya ce sai ranar gwanjo ake sanin gaskiyar farashi. Abin da na fahimta shi ne, da ban taɓa ta ba, za ta iya tsayar wa mai ita saniya, wataƙila har da maraƙi. Yanzu za a saya, amma an ragu sosai. Macen da aka kore wa garke, ni kuma na zauna da auduga na goge mata wani abu daga cikin ɗan abin da ya rage mata.

Kwana huɗu ban iya cin abincin kirki ba. Na yi tunanin aika wa Kawu saƙo, na ga ba maganar saƙo ba ce. Na hau motar Zurmi, a lokacin da ba kowa ke son bin hanyar ba. Na same shi a zaure yana gyara wani zobe, idonsa ya fara rauni, sai ya kai abu kusa da hanci. Bayan mun gaisa na ba shi labarin gwanjon duka, da tsohon mai safar hannu. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa na maimaita masa maganar bugu na musamman, ya ce ashe dai hannunsa bai yi masa ƙarya ba. Sannan na miƙa masa akwatin na faɗi abin da na yi.

Ya fita da ita bakin ƙofa wajen haske, ya karkata ta, ya daɗe. Da ya dawo sai ya tambaye ni tokar mene ce. Na ce ta murhu, na tankaɗe sau biyu. Ya ce da ta karan dawa ce da zanen bai kai haka ba, amma duk ɗaya ne. Ya ce laifin rabi nasa ne, shi da ya lissafa mini abu huɗu ya bar na biyar, alhali ya san gidan da na fito.

A mota na riga na shirya wata magana, sai na faɗe ta. Na ce tun da shi gwani ne, ko zai bi gefen kwakwar duka da hannunsa ya daidaita shi, yadda tabon ba zai fito daban ba. Ban yi nufin a cuci kowa ba, ko kuma haka na gaya wa kaina. Ina son in daina ganin wurin ne.

Ya rufe akwatin ya ce, "Ɗana, abin da kag goge ya tahi, ko wanda yab buga ta ba shi maido shi. In na bi sauran, na ɓata mata sauran ke nan don kai ka ji sanyi. Bar shi yadda yake. Ranar da Allah ya kawo ta, kai za ka buɗe, ka nuna mata wurin da hannunka, ka ce ni na yi. Abin da tac ce, shi ke nan."

Na ce to ko a sayar yanzu a ajiye mata abin da aka samu, tun da ga mai so. Ya ce ba ta ce a sayar ba, cewa ta yi a bincika a gaya mata. An bincika, saura a gaya mata. Ya sa aka kawo mini fura, ya zauna sai da ya ga na sha, sannan ya mayar mini da akwatin. Na ce ya bar shi wajensa, ni ban cancanta ba. Ya ce duk Zamfara yanzu babu wanda ya fi ni sanin abin da ba a yi wa wannan fataka, don haka ba shi da wanda ya fi ni.

Kawu ya rasu a daminar da ta biyo baya, Allah ya jiƙansa da rahama. Mai sirdin da muka yi shaida tare ya koma wani gari. Na je Shinkafi sau da yawa na bi layin masu nono ina tambaya. Wata ta ce ta ji suna wajen Maraɗi. Wata ta ce a'a, kudu suka yi. Wata ta ce ta rasu, amma da na matsa sai ta ce ba ta tabbata ko ita nake nufi ba. Sunan da muke kiranta da shi a kasuwa laƙabi ne na tsokana, ban san na yankanta ba, ban san na mijinta ba, kuma wannan ma sakacina ne.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. Idan kun san wata dattijuwar Bafillatana doguwa, daga rugagen wajen Galadi, wadda ta riƙa kawo nono da man shanu kasuwar Shinkafi, wadda kakanta ya yi wa Baturen jirgin ƙasa kai madara a Kaura, ko kun san 'ya'yanta, ko wata jikarta da ke da jerin tsofaffin kuɗi a kitso da fataka ɗaya a cikinsu, ku taimaka ku gaya musu ajiyarsu na nan. A bar saƙo wajen maƙeran fari na kasuwar Kaura ko na Zurmi, a ce ɗan kolin da ke neman mai akwati, za su san ni. Wanda ya zo zan tambaye shi launin cikin akwatin da yawan gurabun da ke ciki, don da gangan ban rubuta ba, kada ya ji haushi. Idan ta rasu, ina son in san magadanta, da malamin da zai raba musu. Idan kuma akwai wanda ya san amintacciyar hanyar da mutumin ƙauye zai bi ya kai irin wannan abu gwanjon nan ba a cuce shi ba, shi ma ya sanar da ni, don idan ta ce a sayar kada in tsaya ina kame-kame. Ina roƙo kada wanda ya san wani abu ya raina shi, ko sunan ƙauyen da aka gan su na ƙarshe ne, zan je.